Kalmasar Rigar Ladi

Kwanakin baya 'yata ta zo daga Mahuta tare da jikata, ta kawo wata sabuwar riga da ta saya wa yarinyar don in gani in sa albarka. Ni kuwa kafin in dubi launi ko ado, sai da na juya bakin rigar na leƙa ciki, don haka hannuna ya saba. Babu kalmasa. Wani siririn ɗinki ne kawai aka bi bakin da shi, ko faɗin farce bai kai ba. Na tambayi 'yar tawa, to idan yarinyar ta ƙara tsawo me za a saki? Ta yi dariya ta ce wa yake sakin riga yanzu, in ta yi mata kaɗan sai a sayi wata. Na zauna da rigar a cinya ina shafa bakin nan da ba a ajiye wa baɗi komai a cikinsa ba, zuciyata kuwa ta riga ta koma wani gidan haya a unguwar Nasarawa, lokacin da masaƙu suke da rai.

Wanda bai san kudancin kogin da ya raba garin nan a wancan zamani ba zai ɗauka ƙari nake yi. Ba mu da agogo a ɗaki, jiniyar masaƙa ce agogonmu. In ta yi kukan safe sai ka ji ƙararrawar kekuna ta cika hanya, maza suna gangarawa Kakuri da Kudenda; in ta yi na yamma ga su nan suna dawowa da auduga a kai da gira, saurayi ya zama tsoho har sai ya yi wanka. Babanmu a ɓangaren buga zane yake aiki, inda ake ɗora wa farin yadi launi ya koma atamfa. Hannunsa bai taɓa zama launi ɗaya ba. Yau shuɗi a ƙarƙashin farce, gobe ja, in yana cin tuwo mu yi ta kallon yatsunsa. Har kwatar da ta bi ta bayan unguwarmu takan sauya launi, mu yara mu tsaya a bakinta muna gardamar irin atamfar da ake bugawa a ranar. Gidan kuwa kowa da kowa ne. Akwai mu da iyayenmu suka taso daga kudancin jihar neman aiki, akwai Hausawa, akwai wani Ibo mai gyaran keke da ya mayar da rabin tsakar gida gareji. Famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, kuma a kan igiyar nan ake sanin wace ce mace.

Mamanmu a kan igiyar nan ba ta da ta biyu. Mijinta yana wuni cikin yadi, amma sabuwar riga sau ɗaya take shigowa ɗakinmu a shekara, wata shekarar ma ta yi kewaye. Saboda haka Mama ta ɗauki tsaron tufafi kamar ibada. Takan samo buhun fulawa na yadi daga gidan burodi, ta jiƙa shi kwana biyu, ta doke shi a kan dutse har ya yi laushi, ta huda wa kai da hannuwa. Shi muke kira rigar buhu, kuma a cikinsa muka yi ƙuruciyarmu. Rubutun jikin buhun ba ya taɓa fita duka, sai ka ga yaro yana gudu da rabin sunan fulawa a gadon baya, 'yan unguwa suna kiransa burodi. Ranar da aka yi miyar manja, kowa zai tuɓe kafin ya zauna gaban kwano. Mangwaro a sunkuye ake shan sa, hannu nesa da ciki. Yazawa kuwa haramun ce a ɗakinmu, domin ruwanta in ya taɓa yadi ya zauna ke nan har yadin ya mutu. Wandon 'yan'uwana maza tun yana sabo ake masa faci a mazaunai da gwiwa, ba a jira ya yage. Ranar Lahadi kowa yana da ɗan tsummansa da zai shimfiɗa a kan bencin coci kafin ya zauna, in mun dawo kuma, ko ruwa ba za ka sha ba sai ka cire kayan ka miƙa. Mama takan ce jiki in ya yi datti ruwa ya ishe shi, amma riga kowane wanki yana rage mata kwana, don haka gara a hana dattin hawa tun farko.

Yanzu ina zaune a ƙofar gida ina ganin yara suna birgima a ƙasa da rigar da mu da za mu je ɗaurin aure da ita. Gwanjo ya cika kasuwa, yadin waje ya cika shaguna, garin sabulu yana cin datti kafin ka gama jiƙawa. Ba na cewa sun yi laifi. Wani lokaci dai haushi yakan kama ni in ga an jefar da riga don maɓalli ɗaya ya fita, sai in tuna ƙamshin dutsen guga na gawayi, da yadda Mama take yayyafa ruwa da yatsu tana hura toka kada ta sauka a kan wuyan riga, da ƙamshin kafur in an buɗe akwati. Amma ban isa in yi wa kowa wa'azin tattali ba, kuma dalilin ke nan nake wannan rubutu.

A ɗakin da ke kallon namu akwai wata Hajiya mai keken ɗinki, irin na juyawa da hannu. Ita take ɗinka wa gidan duka, na Sallah da na Kirsimeti, kuma ƙarar kekenta ce take gaya mana biki ya matso. Hajiya ba ta ɗinka wa yaro rigar jikinsa na yau. Takan dube ka daga sama zuwa ƙasa, ta dubi tsawon uwarka, sannan ta yanka rigar da za ta kai ka shekara huɗu. Abin da ya yi yawa sai ta naɗe shi ciki a bakin rigar, ninki uku, kowane ninki faɗin yatsa uku. Wannan naɗin shi ne kalmasa. Duk shekara a warware ninki ɗaya, rigar ta ƙara tsawo ta bi yaron. Da yake abin da ke ɓoye bai sha rana da sabulu ba, in an sake shi sai ya fito da launinsa sabo fil a ƙarƙashin koɗaɗɗen, layi a kan layi. A coci mukan ƙirga layukan rigar juna mu san wa ya daɗe bai ga sabuwa ba.

Ni ce babba a cikin 'ya'ya mata a ɗakinmu, don haka Mama ta naɗa ni 'yar sandar tufafi. Gaskiya ita ce na ji daɗin muƙamin. Ina da ido, ina da baki, kuma ba na ɓoye laifin kowa. Wadda ta fi shan wuya a hannuna ita ce autarmu Ladi, 'yar shekara biyar, gajera mai kumatu, wadda ba ta iya wuce kududdufi ba tare da ta gwada zurfinsa ba. Ladi ba ta taɓa sa rigar da aka ɗinka dominta ba. Riga takan fara daga kaina, ta wuce ga mai bi mini, kafin ta iso wurin Ladi an saki kalmasar duka, an juya wuyan, an yi faci a hammata, sai a sake naɗe ta a ba ta. Ba ta ƙorafi. Takan shafa layukan ta ce wannan na Yaya ne, wannan na wance ne, ba ta taɓa cewa ga nata ba.

Wata rana bayan Kirsimeti ya wuce Baba ya dawo da wani ɗan ƙunshi a bayan kekensa. Guntun atamfa ne shuɗi mai ƙananan tsuntsaye ruwan ɗorawa, irin wanda ake bar wa ma'aikata in an sami aibi a bugu. Aibin yana gefe ɗaya: injin ya goce, tsuntsayen layin ƙarshe suka hau kan juna, kowanne da kai biyu. Baba ya ce a hannunsa aka yi kuskuren, shi ya sa ya nemi a ba shi. Mama ta fara auna shi da ido tana lissafin ɗankwali da wandon wani, sai Baba ya ce a'a, na Ladi ne, duka. Ba mutum ne mai sa baki a harkar ɗaki ba, shi ya sa Mama ta dube shi ta bar lissafin. Ladi ta tsaya da hannu a baya, don ta san doka, ta sunkuyo tana shinshinar yadin.

Hajiya ta auna ta da igiya, ta ɗinka rigar da hannu mai kumburi da ɗamara ta baya. Tsuntsayen nan masu kai biyu ta tura su cikin kalmasa, ta ce kafin a sake su yarinyar ta yi wayon da za ta yi dariyarsu. Da aka kawo rigar, Mama ta ɗaga ta a gaban Ladi daga nesa kaɗan, ta ce ta yi, ta ninke ta, ta sa a ƙasan akwatin ƙarfe da kafur, ta kulle. Sai Ista. Baba ya ce a bari ta sa mana ya gani, ko na minti ɗaya ne. Mama ta ce da wane hannun za ka taɓa ta, da wannan shuɗin? Ta ce in aka fara sa wa yau don Baba, gobe don Kawu, kafin Ista rigar ta zama ta gida. Baba ya dubi hannunsa ya yi dariya ya ce to, Allah ya kai mu.

Daga ranar Ladi ta samu aiki. Da safe ta tambayi saura kwana nawa Ista, da rana ta sake tambaya, ko an rage. Takan kwanta rub da ciki ta kai hanci bakin akwatin da ke ƙarƙashin gado ta ce tana jin ƙamshin rigarta. Abin da ta fi faɗa shi ne in ta sa, Baba za ta fara nuna wa, domin tsuntsayensa ne. Ta ce za ta tsaya a bakin ƙofa har ya sauka daga keke, ba zai gane ta ba, zai ce 'yar wa ce wannan.

Ranar da nake so in ba da labarinta, zafi ya fara tsananta, mangwaro ya fara nuna. Mama ta tafi gaisuwar rasuwa Kakuri, ta bar mini makullin akwati don in ɗauko wa Hajiya wani zare. Ladi ta ga makullin a hannuna. Ta bi ni ɗaki tana Yaya, Yaya, ta ce ba za ta zauna ba, ba za ta taɓa komai ba, ko numfashi ba za ta yi da ƙarfi ba. Ban san abin da ya sassauta ni ba, wataƙila ni ma ina son in gani. Na wanke mata hannu da ƙafa da sabulu, na goge mata wuya, na tsayar da ita a tsakiyar tabarma, na cire mata rigar buhu na zura mata shuɗiyar. Ta yi mata yawa ko da kalmasar, kafaɗun sun zubo, bakin ya kusa taɓa idon sawu. Ta kama gefe da gefe da yatsu biyu ta ɗaga, ta juya a hankali, ta sake juyawa. Ba mu da babban madubi, sai ta dubi fuskata don ta ga yadda ta yi. Ta yi kyau ƙwarai, amma ban gaya mata ba. Na ce ta tsaya da kyau kada ta taka bakin.

Sai jiniyar yamma ta yi kuka.

Ladi ta ɗago kai. Ta ce, "Yaya, bari Baba ya gan ni. Bakin ƙofa kawai, in dawo."

Ni kuwa abin da na gani shi ne hanyar da ke tsakanin ɗakinmu da ƙofar gida. Ga laka a gindin famfo, ga baƙin mai da mai gyaran keke ya zubar, ga wata maƙwabciya tana suya da manja, ga hannun Baba da na san zai ɗaga ta sama da zarar ya gan ta. Na ga fuskar Mama, na ga muƙamina ya tafi. Na ce a'a. Kafin in rufe baki ta zille ta fita da gudu, rigar a ɗage a hannu. Na cim mata a tsakiyar gida, na damƙi hannunta, na ja ta zuwa ɗaki ƙafarta tana jan ƙasa. Na mare ta. Na fizge rigar ta kanta har maɓalli ya kama mata gashi, na duba ta ciki da waje a bakin taga, na ninke ta a kan layinta na dā, na kulle. Tana tsaye tsirara tana shessheƙa na ce mata, "Ista ba guduwa za ta yi ba." Na jefa mata rigar buhunta.

Ba a fi minti biyar ba muka ji ƙararrawar keken Baba. Ya shigo ya tarar da ita a bakin ƙofar ɗaki cikin buhu, ido ya kumbura. Ya tambayi abin da ya same ta, na ce rigimarta ce kawai. Ladi ta dube ni, ta dubi Baba, ba ta tona ni ba. Ya ɗauke ta ya sa a wuya ya zaga gidan da ita har ta yi dariya. Ni kuma na yi alfahari a raina cewa na ceci riga.

Makonni kaɗan bayan haka baƙon dauro ya shigo gidanmu. Ya fara da ɗakin mai gyaran keke, ya tsallaka ɗaki biyu, ya sauka a kan Ladi. Jikinta ya yi zafi kamar dutsen guga, ƙuraje suka feso, idanunta suka manne. An kai ta asibiti an dawo, aka shafe ta da wani farin magani daga goshi har tafin ƙafa. Wata rana da hantsi ina yi mata fifita, ta ce wa Mama a ba ta rigarta ta riƙe. Mama ta tashi har ta durƙusa gaban akwati, sai ta waiwayo ta dubi farin maganin nan a hannun yarinyar. Ta dawo ta zauna ta ce in kin warke an wanke miki jiki, ranar za ki sa ta, ba sai Ista ba. Ba mugunta ba ce. Mama ba ta yarda a ranta cewa akwai wani abu da zai faru ban da warkewa ba. Ladi ta ce to. Kwana biyu bayan nan, da rana tsaka, a makon da ake shirin Ista, ta cika. Aka aika masaƙa a kira Baba, kuma ranar ce na fara ganinsa ya dawo gida jiniya ba ta yi kuka ba.

Mu a wurinmu da tufafinsa mafi kyau ake sallamar mamaci. Da matan coci suka gama yi mata wanka suka tambayi abin da za a sa mata, Mama ta buɗe akwati. Ƙamshin kafur ya cika ɗakin. Aka zura mata rigar, sai ga shi ciwo ya ƙara rage ta, ta ɓace a ciki, bakin ya rufe ƙafafun, hannun ya wuce gwiwar hannu. Wata ta ce a tura abin da ya yi yawa a ƙarƙashinta, ba mai gani. Mama ta ce a'a, ba za ta tafi da rigar aro ba, a kira Hajiya. Hajiya ta zo da kekenta a ka ta ajiye a bakin ƙofa. Ba al'adarsu ba ce, su da farin likkafani suke rufe nasu, amma ta shiga aiki. Ta auna yarinyar da igiyar nan tata, ta karɓi rigar, ta juya bakin ta dubi kalmasar da ta naɗe da hannunta. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "'Yar'uwa, in ƙara naɗewa ne ko in yanke?"

Mama ta ce, "Yanke, Hajiya. Wa za a sakar wa?"

Har gobe ina jin ƙarar almakashin nan. Ya bi bakin rigar a hankali ya zagayo, kalmasar ta faɗo ƙasa gaba ɗayanta, ninki uku, shekara uku da aka ajiye wa Ladi. Hajiya tana juya keke hawaye yana sauka a kan hannunta, tana kawar da kai kada ya ɗiga a yadin. Ba wanda ya lura da ni lokacin da na tsinci yankin na cusa a cikin rigar buhuna. Da aka sake sa wa Ladi rigar, ta zauna mata daidai, kamar yadda ba a taɓa ɗinka wa ɗayanmu ba. Aka kira Baba. Ya durƙusa ya sa hannunsa mai shuɗin farce a kan ƙirjinta ya gyara wuyan rigar, Mama tana kallo ba ta hana shi ba. Ya ce a hankali, ashe haka za ta yi mata kyau. Ina tsaye a bayansa, ni kaɗai na san cewa taku kaɗan ya rage ya gan ta a tsaye.

Kada a ɗauka daga nan gidanmu ya sauya. Bai sauya ba, domin rashin da ya koya wa Mama tattali yana nan inda yake. Mun ci gaba da sa buhu, mun ci gaba da tuɓewa gaban miya. Ni ma da na yi aure na haifi nawa, na yi musu faci tun wando yana sabo, na kulle na biki a akwati, na ce wa tela ya bar kalmasa mai yawa. Sai dai duk lokacin da na ce wa yaro jira, harshena yakan yi nauyi. Abu ɗaya ne ban sani ba sai da Mama ta rasu muna kwashe kayanta. A ƙasan akwatin nan, inda shuɗiyar riga ta taɓa kwanciya, muka sami rigar buhun Ladi a ninke. Ba a wanke ta ba. Ga tabon mangwaro a ƙirji, ga jar ƙasa a mazaunai, ga wani baƙin zanen yatsu inda ta goge hannu. Matar da ba ta iya kwana da ɗigon miya a tsumma ita ce ta ajiye wannan shekara da shekaru.

Masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, har jiniya ta yi shiru. Yanzu in ka bi ta wajen sai ciyawa da tsatsa, kwatar ma ta koma baƙa kamar kowace kwata. Da gari ya yamutse mutane suka rarrabu, Hajiya ta kwashe kekenta ta haye kogi, ban sake ganinta ba. Baba ya tsufa a ɗakina, hannunsa ya koma launi ɗaya, abin da ni ban taɓa sabawa da shi ba. Wata rana da yamma, daidai lokacin da dā ake tashi daga aiki, na ɗauko yankin kalmasar na ɗora masa a cinya, na gaya masa duka, har marin. Na zaci zai yi fushi, ko ya ce ai ke ma yarinya ce. Bai faɗi ko ɗaya ba. Ya warware ninkin yana duba tsuntsayensa masu kai biyu, sannan ya ce, "Ta yi tafiya da ita?" Na ce ta yi, har da gudu. Ya ce yaya ta riƙe ta? Na tashi, da girmana da jikokina, na kama gefen zanena da yatsu biyu na ɗaga, na juya masa a hankali yadda ta yi. Ya ce in sake. Na sake.

Wannan duka shi ne ya zo mini ina riƙe da rigar jikata. Yarinyar tana tsaye a gabana da hannu a baya, ban san wa ya koya mata ba. Ta tambayi uwarta ko za ta sa yanzu, uwar ta ce a'a, sai Lahadi, ta san halinta. Na ce a sa mata. 'Yata ta ce, Mama, ke ce fa kika hana mu ko taɓa namu. Na ce na sani, sa mata. Aka sa, ta fita da gudu ta nuna wa duk wanda ke layin, har mai kanti. Da ta dawo akwai wani dogon tabo daga wuya zuwa ciki, wata ƙawarta ta ba ta yazawa. Uwar ta ɗaga hannu, na riƙe hannun. Ta ce wannan ba zai taɓa fita ba. Na ce na sani.

Sun bar mini rigar wai in gwada dabarun dā ko zai rage. Na wanke ta sama-sama na shanya, tabon yana nan, kuma na fi awa ɗaya a zaune ina kallonsa iska tana kaɗa shi. Da na shiga ɗaki na buɗe akwati na ɗauko yankin Ladi. Shuɗinsa bai koɗe ba, tsuntsayen suna nan kamar jiya aka buga su. Na duba shi ciki da waje a bakin taga, yadda na saba. Har yau babu ɗigon datti ko ɗaya a jikinsa.